Me Ya Hana a Sa Injin Jirgin Sama a Mota?

Sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa, wani yaro ɗan aji shida ya tambaye ni, ya ce, "Malam, tun da jirgin sama ya fi mota gudu, don me ba a ɗauko injinsa a sa wa mota ba?" Na yi shiru, yara suka zuba mini ido. Na ce masa ya ba ni mako guda. Ga abin da na samo, ko zai amfani 'yan'uwana masu koyon malanta.

Ashe an gwada. Injin nan, wanda ake kira tabain, ba shi da fistin. Iska yake zuƙa, ya matse ta, ya ƙona mai a cikinta, sa'an nan zazzafar iskar ta juya wata fanka da ƙarfi. A 1950 kamfanin Rover na Ingila ya ƙera mota da shi, a 1952 ta yi gudun fiye da mil 150 a sa'a. Chrysler na Amurka kuwa ya ƙera guda 55 a 1963 da 1964, ya ba mutane aron 50 su gwada. Injin ba ya jijjiga, ba ya bukatar lagireto, yana kuma shan kananzir ko man gas. Duk da haka ba a sa motar kasuwa ba.

Aibi na fari shi ne shan mai. Tabain ba ya tsimi sai yana gudu sosai ba tsayawa, kamar yadda jirgi yake yi a sama. Mota kuwa kullum cikin tsaye-tsaye take, a kasuwa, a mararraba, a bayan babbar mota. Ko tana tsaye, injin Chrysler yana juyi wajen sau 20,000 a minti ɗaya, yana ta cin mai a banza.

Na biyu, nawa. In direba ya taka totur, sai ya ɗan jira kafin fankar ta ɗauki gudu. Wanda yake son wuce wata mota a ƙunƙuntar hanya ya san hatsarin wannan jira.

Na uku, tsada. Zafin cikinsa yana lalata ƙarfen da aka saba ƙera inji da shi, sai an sami ƙarfe na musamman mai wuyar ƙira. In ya lalace kuma, ba kowane makanike zai iya kwance shi ba.

Na huɗu, ƙura. Yana zuƙar iska ninkin ba ninkin na injin fistin, ƙura kuwa tana cinye bakin fankar. Ku tuna da hanyoyinmu lokacin hunturu.

Ga kuma hayaƙinsa, wanda ya yi wuyar daidaitawa da dokokin tsabtar iska na Amurka. A 1979 Chrysler ya bar aikin.

Da na koma aji na ce wa yaron, dokin sukuwa ya fi jaki gudu, amma ba shi ake ɗora wa itace zuwa kasuwa ba. Ya yi dariya, ya ce ya gane. Ni kuma na koyi cewa in yaro ya ƙure malami, gara malamin ya nemi lokaci ya bincika da ya rufe masa baki da tsawa.