HODAR DA KE MAI DA SHUƊIN HASKE FARI

Duk wanda ya duba bakin tocilan irin ta zamanin nan, ko fitilar nan mai cin hasken rana wadda 'yan makaranta su ke karatu da ita da dare, zai ga wani ɗan ɗigo rawaya a tsakiya in tana kashe. Jama'a da yawa suna zaton fenti ne. To, ba fenti ba ne. Da za a kankare shi a kunna fitilar, da shuɗin haske za a gani, wanda ba mai iya karatun kirki da shi.

Asalin abin daga ƙasar Jafan ya ke. A 1993 wani masani, Shuji Nakamura, na kamfanin Nichia, ya fito da ɗan ƙwai mai ba da shuɗin haske mai ƙarfi. A 1996 kamfanin ya rufe ƙwan da wata hoda rawaya, sai ga farin haske. Nakamura da wasu masana biyu, Akasaki da Amano, sun sami kyautar Nobel a 2014 saboda shuɗin ƙwan, amma hodar ba a cika ambatonta ba, alhali kuwa ba domin ita ba da fitilar ba ta shiga ɗakunanmu ba.

Hodar nan dangin tangaran ce. Ana haɗa sanholo da wani ƙarfe mai suna itiriyam, dukansu a haɗe da iskar oksijin, a barbaɗa musu wani kuma da a ke kira seriyam, ɗan kaɗan kamar gishiri a miya, sa'an nan a gasa cikin wuta mai zafin awu 1,500 ko fiye, wadda ta fi ta masu ginin tukwane nesa ba kusa ba. Shi itiriyam ya samo sunansa daga Ytterby, wani ƙauye a ƙasar Suwidin inda aka fara haƙo dutsensa. Seriyam ɗin nan shi ne mai aikin. Ya kan sha wani kashi na shuɗin hasken ya mai da shi rawaya, sauran shuɗin ya wuce, su gauraya, ido ya ga fari. Ba a yin wannan canji kyauta, gama kullum wani abu ya kan salwanta ya zama zafi. Tun 1852 wani Bature, George Stokes, ya bayyana wannan a Ingila.

Shekaru da dama ke nan masana su ke ƙoƙarin ƙanƙanta ƙwayoyin irin wannan hoda. Awon da su ke yi da shi sunansa nanomita, watau a raba milimita ɗaya kashi miliyan a ɗauki guda. Ƙwayar da su ke so ba ta kai nanomita 100 ba, ga shi kaurin silin gashi ɗaya ya haura 50,000. Dalilinsu mai kyau ne. Manyan ƙwayoyi suna warwatsa haske kamar hazo, ƙanana kuwa ana iya zuba su cikin gilashi ko roba a ga gaba tangaran, har ana gwada su wajen sa alama a ƙwayoyin jiki don binciken cuta.

Amma a nan gizo ke saƙar. Sau da yawa ƙaramar ƙwaya ba ta kai babba haske ba. Malami na iya nuna wa yara dalilin da sabulu: a yanka shi goma a tsaye, goma a kwance, goma a kaikaice, ya zama gutsure 1,000. Nauyinsa na nan, amma faɗin jikinsa da ke taɓa iska ya ninka goma. To, a fatar ƙwaya ne ginin ya ke da giɓi, nan kuma laima ta ke maƙalewa, ƙarfin da ya isa wurin sai ya zama zafi maimakon haske. Dabarar da aka samo ita ce a yi wa kowace ƙwaya riga da irin tangaran ɗin wanda ba a sa masa seriyam ba, ko a sāke gasa ta, ko da ya ke wuta ta kan manne ƙwayoyin su koma manya.

Saboda haka har yau fitilun kasuwa da manyan ƙwayoyi a ke yin galibinsu. A ganina ya kamata malaman kimiyya su riƙa kai tocilan aji, domin abin gwajin ya riga ya shiga kusan kowane gida, ba ya kuma bukatar ko kwabo daga asusun makaranta.