Kafin a Sayar da Sa a Sayi Kwamfuta: Abin da Ɗalibi da Mahaifinsa Za Su Duba

 

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar bakaloriya ya fito, yaranmu na Tignère da Galim da Kontcha sukan fara shirin tafiya jami'a, wasu Ngaundere, wasu Marwa, wasu kuma Garwa, wadda ta samu tata jami'ar a 2022. A jerin kayan da yaro zai miƙa wa mahaifinsa akwai kwamfutar tafi-da-gidanka, wato laftof. A yawancin gidajenmu ba a ajiye kuɗinta a aljihu ba. Sai an kai sa kasuwa, ko an taɓa rumbu, ko uwa ta jira kwasar adashi. Dukiyar da aka tara da irin wannan wahala amana ce, kuma abin takaici ne a ce ta tafi a kan na'urar da za ta mutu kafin yaro ya gama shekarar farko.

Tambayar farko ba ta shafi kanti ba: me yaron zai yi da ita? Mai karatun shari'a, ko tarihi, ko Larabci, ko aikin koyarwa, aikinsa rubutu ne, da karanta littattafai, da ɗan bincike a intanet. Kwamfuta matsakaiciya ta ishe shi har ya gama. Mai karatun injiniya ko zanen gine-gine shi ne ke buƙatar mai ƙarfi, shi ma ya fara tambayar malamansa da na gaba da shi irin manhajar da ake aiki da ita a sashensu. Idan yaro ya dage sai mai fitilu kala-kala da ƙatuwar fanka, iyaye su sani wannan ta wasannin kwamfuta ce. Ga tsada, ga nauyi, ga zuƙe batir kamar rairayi ya samu ruwa.

Batir kuwa, a wurinmu, ya fi kusan komai. Wutar Garwa da Marwa da Ngaundere ta daɗe tana dogara da madatsar ruwan Lagdo da ke kan kogin Binuwai, mai ƙarfin megawat 72. Idan rani ya yi nisa ruwa ya ja baya, sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Tashoshin hasken rana da aka kafa a Marwa da Gidar sun rage matsalar, amma ɗalibin da zai dawo hutu ƙauye ya san wuta baƙuwa ce. Kwamfutar da ba ta iya riƙe caji awa huɗu ko biyar, ta zama talabijin: sai a jikin bango take aiki. Kuma akwai hanyar gane gaskiyar batir ba tare da jiran rantsuwar mai kaya ba. A buɗe tagar umarni ta Windows, a rubuta powercfg /batteryreport. Za ta fitar da rahoto mai lambobi biyu: abin da batirin yake ɗauka ranar da aka ƙera shi, da abin da yake iya ɗauka yau. Idan na yau bai kai kashi 70 cikin 100 na asali ba, a sa kuɗin sabon batir cikin lissafi, ko a rage shi daga farashi. In an samu wadda ake iya yi wa caji ta ƙaramar kafar USB-C, wannan riba ce, domin babban batirin ajiya da ake cikawa da hasken rana zai iya ciyar da ita, matuƙar yana bayar da wat 45 zuwa 65 da yawancinsu ke nema.

Sai abin da ke cikinta. Abu uku ne, kuma manomi zai gane su da sauri. Ma'ajiya ita ce rumbu, inda ake tara komai. Ram ita ce tabarmar da ake baza abin da ake aiki a kai yanzu. In ta yi ƙanƙanta, sai an yi ta kwashewa ana sake bazawa, aiki ya yi ta jan ƙafa. Firosesa kuma shi ne ma'aikacin da ke kan tabarmar.

Ram kada ta gaza giga 8. Ma'ajiya ta zama irin da ake kira SSD, giga 256 ko fiye. Tsohon samfurin ma'ajiya, HDD, faifai ne da ke juyawa a ciki da allura a kansa, kuma wanda ya san jijjigar hanya daga Tignère zuwa Ngaundere da damina ya san abin da za ta yi wa faifai mai juyawa. Mai kaya zai ce maka HDD ɗinsa giga 1000 ne, ya ninka SSD sau huɗu. Gaskiya ya faɗa, amma SSD ƙarama ta fi shi sauri nesa ba kusa ba, ta fi shi jure faɗuwa, ta fi shi tattalin batir. Ƙanƙantar ma tana da iyaka. Waɗanda suka yi jami'a lokacin da aka raba kwamfutocin PB Hev, shirin kwamfuta 500,000 da gwamnati ta sanar a 2016 aka fara rabawa a ƙarshen 2017, sun tuna yadda giga 32 ke cika: Windows kaɗai ya cinye fiye da rabi, sauran ba ya ɗaukar komai. Har yau ana sayar da sababbi fil a kwali masu wannan ƙaramar ma'ajiya da ram giga 4, da araha mai jan ido. Arha ba ta ado.

Firosesa shi ne inda aka fi yi wa mutane rufa-ido. Za a nuna maka tambarin Core i7 a manne, a ce ai wannan ita ce ƙarshe. Amma i3 da i5 da i7 suna nuna daraja ce tsakanin 'yan zubi ɗaya kawai. Zubin yana cikin lambar da ke biye. A i5-8250U, lambar 8 ta farko tana nufin zubi na takwas. A i5-1135G7, 11 ɗin farko zubi na goma sha ɗaya ne. i7-4600U kuwa zubi na huɗu ne, na 2013, kuma i3 na zubi na goma sha ɗaya ya fi shi aiki. Tsohon doki ne da sabon sirdi.

Wannan lamba ta ƙara nauyi tun 14 ga Oktoba 2025, ranar da kamfanin Microsoft ya rufe tallafin yau da kullum na Windows 10. Windows 11 kuma, bisa ƙa'idar kamfanin, yana neman Intel zubi na takwas zuwa sama. A ɓangaren AMD, Ryzen 3000 zuwa sama ya shiga ba shakka. Ma'aikatu a Turai da Amurka sun sauke tsofaffin kwamfutocinsu da yawa, kuma kasuwannin Afirka na cikin inda irin wannan kaya ke sauka. Masu gyara sun iya ɗora Windows 11 da dabara a kan wadda ba ta cancanta ba, don haka ganin Windows 11 a fuskarta ba hujja ba ne. A danna Ctrl da Shift da Esc tare, a duba sunan firosesa da girman ram da irin ma'ajiya da ido.

Wannan ba yana nufin a guji ta hannu ba. A ganina, ga mai ƙaramin ƙarfi, ta hannu daga jinsin da aka ƙera don ofisoshi, kamar ThinkPad na Lenovo, ko Latitude na Dell, ko EliteBook da ProBook na HP, zubi na takwas zuwa sama, ta fi sabuwa mai arha. Jikinta ya fi ƙwari, kuma masu gyara a Ngaundere da Garwa sun saba da ita, ana samun batirinta da cajarta. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a goge ta hannu, a sa ta a kwali, a sayar da sunan sabuwa. Chromebook kuwa a bar ta: yawancin aikinta da intanet ne, kuma ba ta ɗaukar manhajojin Windows.

Akwai wani abu ƙarami da mu mutanen bakin iyaka muke cin karo da shi. Kayan da suka shigo ta Yola ko Mubi ko Kano sukan zo da jerin haruffa na Ingilishi, QWERTY, alhali mai rubuta aikin jami'a da Faransanci ya saba da AZERTY mai haruffa masu alama a kai. Ana iya sauya tsarin a cikin Windows, amma abin da ke rubuce a kan maɓallan ba zai sauya ba, sai an manna musu takardun haruffa. Filogin cajar ma na Najeriya mai ƙafa uku ne masu faɗi, namu mai biyu ne zagayayyu. Ɗalibin ilimin addini kuma ya nemi haruffan Larabci na mannawa, ya bar wuri a ma'ajiya don Maktaba Shamila, wadda ke tara dubban littattafan tafsiri da hadisi da fiƙihu, tana kuma aiki ba tare da intanet ba. Windows yana da tsarin rubutun Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ, kunna shi kawai ake yi.

Yanzu ga cinikin kansa, inda shari'a ta riga ta ba mai saye kariyar da da yawa ba su san suna da ita ba. Ya zo a Sahihu Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tuhumi mai shi don bai fito da jiƙaƙƙen sama mutane su gani ba, ya kuma barranta daga mai algus. Batirin da ya mutu aka yi shiru, da allon ciki da aka gasa don ya yi kwana biyu yana aiki, su ne jiƙaƙƙen abincin wannan zamani. Malamanmu na Malikiyya sun tabbatar cewa wanda ya samu tsohon aibi da aka ɓoye masa yana da zaɓin mayar da kaya. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta halatta ciniki bisa sharaɗin zaɓi na ɗan lokaci, gwargwadon abin da za a gwada kaya ko a yi shawara. To, a yi amfani da wannan. A ce wa mai kaya: "Malam, na saya, amma da sharaɗin kwana uku, in na ga matsala zan dawo da ita." Mai gaskiya ba ya jin tsoron wannan magana. Wanda ya ɓata rai, ya ba ka amsa.

A rubuta sharaɗin a takardar saye, tare da sunan kanti da samfurin kwamfutar da lambar da ke ƙarƙashinta. Takardar ita ce kuma kariyarka daga kayan sata. Kwamfutar da aka tallata maka a tasha da rabin kuɗi, babu caja, ga kalmar sirri tana tare ƙofa tun kafin Windows ya tashi, ka bar ta ko da kyauta ce. Akwai wani ɗalibi a wani wuri da ke kukan aikinsa na shekara. Idan biya kaɗan-kaɗan za a yi, jumhurin malamai sun halatta, matuƙar an yanke farashi ɗaya da wa'adi tun farko, ba a kuma ƙara komai saboda jinkiri. A rubuta shi da shaidu, kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni. Rancen da ake biya da ruwa don sayen kwamfuta, hukuncinsa bai sauya ba don abin na karatu ne.

A cikin kwanakin gwaji, a danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya, a buɗe farin shafi a duba ko akwai ɗigo ko layi a fuska, a soka wani abu a kowace kafa, a gwada kyamara da lasifika da kama intanet, a bar ta tana aiki awa guda a ji ko tana zafi fiye da kima. Kuma kada kuɗin ya ƙare ƙaf a kan kwamfutar. A rage na jaka mai kauri, da na'urar kare ta daga haukan wuta idan an dawo da ita da ƙarfi, da ƙaramar ma'ajiya ta waje da yaro zai riƙa kwafe aikinsa duk Juma'a. Wanda zai zauna Garwa ya sani cewa zafin Maris da Afrilu yakan wuce digiri 40, ba kamar sanyin tudun Tignère ba: kada ya ɗora ta a kan katifa ya toshe mata hanyar iska, kuma idan hunturu ya wuce ya kai ta a busa mata ƙurar da fanka ta haɗiye.