Titin da ake rufewa saboda kwaɗi

Yau Ingila za mu leƙa.

Kusa da birnin Bath akwai wani ɗan titi, Charlcombe Lane, da ake hana motoci bi kusan mako 6, daga Fabrairu zuwa Maris. Dalili? Kwaɗi! Lokacin ne suke fitowa da dare su nufi tafki don yin ƙwai, titin kuma ya tare musu hanya. Sai 'yan sa-kai su fito da tocila da bokiti suna tsallakar da su.

Kar ku yi dariya fa. Binciken ƙungiyar Froglife na 2016 ya nuna irin kwaɗin da aka fi gani a Birtaniya ya ragu da kashi 68 cikin 100 a shekara 30. Mace ɗaya in mota ta taka ta, dubban ƙwai ne suka tafi.