Kukan Sarƙar Keke da Maganinsa

Manomin da ke ɗauko buhun dawa bisa keke daga ƙauyukan Tsafe ko Bungudu zuwa kasuwar Gusau, tafiyarsa duk a wuyan sarƙa take. Ita kuwa sarƙa da wuya ta tsinke ba ta yi gargaɗi ba, gargaɗinta shi ne kuka.

Kukan iri-iri ne. Siririn ƙara mai kama da na tsiryar tsuntsu ƙishin mai ne. Gurzar da ake ji har a tafin ƙafa kuwa yashi ne ya shiga gaɓoɓinta. In ta riƙa ɓallewa da ƙara sa'ad da aka danna feda a hawan tudu, to ta miƙe ke nan, ko haƙoran da take hawa sun cinye. Tsakanin kowace ƙusa da 'yar'uwarta rabin inci ne. In tsawon inci 12 ya ƙaru da kashi 1 cikin 8 na inci, mai ba zai yi magani ba, sai sabuwa.

Wajen zaɓen mai ne akasari akan yi kuskure. Man juye yana da araha, amma cike yake da dattin inji. Giris bai shiga ciki, sai dai ya tara ƙurar hunturu ta zama magagari. Man gyaɗa kan yi danƙo. Abin da ya fi shi ne a wanke sarƙar da kananzir, a ɗiga mai marar kauri a kowace gaɓa, sa'an nan a goge bayanta da tsumma. Da damina, lokacin da taɓo da tsatsa ke cinta, sabon man inji mai ɗan kauri ya fi jimrewa.