Tabarau na Mannawa a Ido

Idan mutum ya haura shekara 40, sai ya ga ƙananan baƙaƙe sun fara yi masa dishi-dishi. Ba ya iya karatu sai ya nisantar da takarda daga fuskarsa. Tela kuma ya yi ta fama da zura zare a allura. Waɗansu har su daina karatu, su ce tsufa ya zo.

Wannan ba makanta ba ce, ba kuwa yanar ido ba. A cikin ido akwai wani ɗan madubi mai taushi, wanda kan ƙara kauri in za a dubi abu na kusa. Da girma ya kama sai ya yi tauri, ya ƙi motsi.

Kowa ya san tabarau na karatu. To, akwai wani iri wanda ba a rataya shi a kunne. Ɗan faifai ne na roba mai laushi, faɗinsa wajen milimita 14, ana ɗora shi bisa ƙwayar ido. An yi masa zobe cikin zobe, wani na duban kusa, wani na nesa. Hoto biyu ke shiga ido gaba ɗaya, ƙwaƙwalwa ce ke zaɓen wanda ake bukata. Saboda haka sai an yi kwanaki kafin a saba, da dare kuma fitilun mota kan yi wa waɗansu walƙiya.

Sai likitan ido ya gwada ka tukuna. Ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa shi. Kada ka wanke shi da ruwan famfo ko na rijiya, yana da ruwan maganinsa. Kada ka kwana da shi. In ido ya yi ja ko zafi, cire shi ka tafi asibiti ran nan. Mai aiki cikin ƙura, musamman da hunturu, gara ya tsaya ga tabarau na kunne.