Wa Zai Biya Kuɗin Buɗe Mujallun Bincike?

Idan jami'in kula da lafiyar dabbobi ya je Lambara, a yankin Boɗinga da Shagari, ya tarar kirci ya kama shanu, amsar da yake nema tana iya kasancewa cikin binciken da aka yi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Tsangayar likitancin dabbobi ta jami'ar tana buga mujallar Sokoto Journal of Veterinary Sciences, kuma ana sauke maƙalunta kyauta a wayar hannu ta rumbun AJOL, wanda aka kafa a 1998 domin mujallun Afirka. Wannan shi ne buɗaɗɗen bugu, wato mai karatu ba ya biyan ko sisi. Kuma haka ya dace, tunda da dukiyar al'umma aka biya albashin malamin da ya yi binciken.

Sai dai manyan kamfanonin ɗab'i na Turai sun sauke kayan daga kan mai karatu sun aza wa marubuci. A 2021 mujallar Nature ta sa Yuro 9,500 a kan duk maƙalar da mai ita yake so a buɗe wa kowa. Wane malamin jami'a ne a Sakkwato zai iya wannan? An bar mu mu karanta, an hana mu a karanta mu. Shi ya sa nake ganin tsarin da ya dace da mu shi ne wanda marubuci da mai karatu duk ba sa biya.

Za a ce ai tace rubutu da ajiye shi a intanet suna cin kuɗi. Gaskiya ne, amma akwai mai biya: hukumar TETFund tana samun kuɗi daga harajin da kamfanoni suke biya, tana kuma tallafa wa mujallun manyan makarantu, don haka ya kamata ta gindaya sharaɗin a buɗe su. Brazil ta ɗauki nauyin rumbun mujallu na SciELO da kuɗin hukuma tun ƙarshen shekarun 1990. Masu tsoron lalacewar inganci kuwa su duba inda mujallun bogi suke samun abinci: kuɗin marubuci mai neman ƙarin girma. In babu wannan kuɗin, kasuwarsu ta mutu.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne harshe, domin makiyayin Lambara ba ya karanta Turancin masana. Maƙalar da aka buɗe da lasisin yardar fassarawa, malamin gona yana iya mayar da ita Hausa, a karanta a rediyo, ba tare da neman izinin wani kamfani ba.