Kunya da Bakin Magana: Halin Ɗalibai Mata a Jami'a

A tarbiyyar Hausawa kunya ado ce ga 'ya mace. Yarinyar da ta tashi a Babban Mutum, cikin ƙasar Daura, tun tana ƙarama ake hore ta da durƙusa wa babba, da sunkuyar da kai, da barin jayayya. In ta yi aure ba ta ambaton sunan mijinta, haka nan na ɗanta na fari. A laccar Kirk-Greene da aka buga a 1974 a kan mutumin kirki, ya lasafta kunya da haƙuri da ladabi cikin halayen da Bahaushe ke auna mutum da su.

To, amma jami'a wani abu dabam take nema. Ɗaliba a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina, ko ta Bayero a Kano, tilas ne ta tashi gaban jama'a ta kare ra'ayinta, ta tambayi malami abin da ya shige mata duhu, ta bi sawun makinta in an yi kuskure. Watau halin da ake yaba mata a gida shi ne ke tauye ta a aji. Abin ya fi muni in wani ya neme ta da lalata don ya ba ta maki, gama wadda ba ta saba cewa a'a ba ita ce ta fi shiga haɗari.

Masanin halayyar ɗan Adam, Albert Bandura, ya bayyana a 1977 cewa yardar mutum da iyawarsa ta fi samuwa daga abin da ya taɓa gwadawa ya ci nasara, sa'an nan daga ganin wani irinsa ya yi. A nan ne 'yar karkara ke da rauni. Wadda ba a taɓa tambayar ra'ayinta a gida ba, ba ta kuma da yaya ko gwaggo da ta yi ilmi mai zurfi, ina za ta samo ƙarfin zuciya? Ga kuma Turanci, wanda tsoron yin kuskure a cikinsa kan ɗaure harshen mai basira.

Lalle ne a bambanta faɗin gaskiya cikin ladabi da tsiwa, domin mutane kan cuɗanya su, har a kira mai neman haƙƙinta marar kunya. Wannan kuwa rashin adalci ne, kuma tarihi bai goyi bayansa ba. Labarin kafuwar Daura ya nuna mata ne suka riƙe sarauta har zuwa Daurama. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jajoji mata suna bin ƙauyuka suna karantar da 'yan'uwansu.